Faɗan da Ya Fi Ƙarfinka, Mai da Shi Wasa

A farkon shekarun 1960 wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo daga birnin Sao Paulo ta tafi rangadi arewa maso gabashin Birazil, yankin rake da fari, inda 'yan tsirarun masu gonaki suka mallake ƙasa, sauran jama'a kuma suke musu ƙwadago. Samari ne 'yan boko masu zafin kishin talaka. Wasan da suka kai ƙauye da waƙa yake ƙarewa: 'yan wasa sun yi shigar manoma, sun ɗaga bindigogi sama, suna rera cewa lokaci ya yi da za mu zubar da jininmu mu ƙwato ƙasarmu. Aka yi ta tafi.

Da aka tashi sai wani ƙaton manomi mai suna Virgilio ya matso wurin shugaban ƙungiyar, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce bai taɓa zaton akwai 'yan birni masu tunani irin nasu ba. Tunda haka ne, in ji shi, ku zo mu ci abinci, in mun gama sai mu ɗunguma gaba ɗaya, ku da bindigoginku mu da namu, mu je mu fatattaki 'yan barandan mai gona da suka ƙwace filin wani ɗan'uwanmu. Shugaban ya ce ai bindigogin nan na wasa ne, ba sa tashi. Virgilio ya ce ba komai, bindigogin na ƙarya ne amma ku ai na gaske ne, muna da waɗanda za su ishe mu duka. Nan fa ido ya raina fata. Dole shugaban ya fito fili ya ce su 'yan wasa ne, ba manoma ba, ko harbi ba su iya ba. Manomin ya yi shiru, can ya ce ashe jinin da kuke cewa a zubar, namu kuke nufi, ban da naku.

Shugaban nan shi ne Augusto Boal, kuma daga bakinsa aka ji labarin, don bai daina maimaita shi ba har ya bar duniya a 2009. Kunyar da ya sha ran nan tana cikin tushen abin da daga baya ya raɗa wa suna Wasan Kwaikwayon Waɗanda Aka Danne, wanda yau ake yi daga unguwannin talakawan Rio har ƙauyukan Bengal na Indiya. Sunan yana ruɗar mutane. Da yawa suna ɗauka duk wasan da ya nuna wahalar talaka ya shiga sahu. Ai wasan da Virgilio ya kalla ma wahalar talaka ya nuna, har ya sa shi ƙwalla. Abin da babu a ciki shi ne talakan da kansa: wasu suka rubuta, wasu suka hau dandali, shi kuwa aka zaunar da shi a ƙasa ana faɗa masa abin da zai yi da ransa. Tambayar da Boal ya ƙarar da sauran shekarunsa a kanta ita ce wa ke riƙe da dandalin, wa kuma ke da ikon cewa a tsaya.

Ɗan mai gidan burodi ne, an haife shi a Rio de Janeiro a 1931. Ilimin haɗa sinadarai ya karanta, ya tafi Jami'ar Columbia a New York ƙaro ilimi, sai ya ɓige da zama a ajin rubutun wasan kwaikwayo. A 1956 ya kama aiki da gidan wasa na Arena a Sao Paulo, wani ɗan ƙaramin ɗaki da 'yan kallo ke zama kewaye da 'yan wasa. Soja suka ƙwace mulki a 1964, a ƙarshen 1968 kuma suka ƙara ɗaure igiya: majalisa a rufe, kowane wasa sai jami'in tace rubutu ya sa masa hannu. Cikin wannan matsi Boal da abokansa suka fito da wasan jarida. Tunda jaridar safe ta riga ta bi ta hannun mai tacewa, sai a ɗauko ta a karanta a gaban jama'a, amma a haɗa labarai biyu da edita ya raba. A ce jawabin minista kan bunƙasar arziki, a bi shi da ɗan labarin da aka cusa a shafin ciki na leburan da ya mutu a bakin aiki. Ba a ƙara ko kalma ba, kowa ya gane. Kuma ba sai gwani ba, duk wanda ya iya karatu zai iya yi a unguwarsu.

A 1971 aka sace shi a kan titi. Ya ce ana cikin gana masa azaba ya tambayi laifinsa, aka ce ɓata sunan ƙasa, wai yana fita waje yana cewa ana azabtar da mutane a Birazil. Bayan 'yan watanni aka sake shi, ya tsallaka Ajantina, bai sake zama a gida ba sai 1986.

Akwai ɗan ƙasarsu da ya riga shi shiga wannan tunani ta ƙofar ilimi, wato Paulo Freire, malamin yaƙi da jahilci, wanda a 1963 ya koya wa ma'aikatan gona kusan 300 karatu cikin kwana 45 a garin Angicos. Freire ya ce makarantar da muka saba da ita tana ɗaukar ɗalibi tamkar asusu: malam ya zuba, ɗalibi ya adana, ran jarrabawa a fasa. Shi da kalmomin rayuwar ɗalibansa yake farawa, a yi ta hira a kansu kafin a rubuta. Boal ya ɗauko wannan ya kai gidan wasa, har sunan littafinsa na 1974, Wasan Kwaikwayon Waɗanda Aka Danne, daga na Freire ya aro, wato Ilimin Waɗanda Aka Danne.

Amma a Peru abin ya nuna. A 1973 gwamnatin ƙasar ta tara masana don wani babban shirin yaƙi da jahilci, Boal na cikinsu. Ƙasa ce mai harsuna barkatai, da yawan mutanen Sifaniyanci bai zauna a bakinsu ba, don haka aka nemi wasu hanyoyin magana. Ɗaya daga ciki kyamara ce: a yi wa mutum tambaya, ya ba da amsa da hoto. Aka tambaya, mene ne cin gumin wani? Wasu suka ɗauko hoton mai shago, wasu na mai gidan haya, wasu na ofishin gwamnati. Wani yaro a Lima ya kawo hoton ƙusa a jikin bango. Manya suka rasa gane kansa, sauran yara kuwa duk suka ce haka ne. Ashe yaran masu goge takalma ne, gidajensu na can bayan gari, ba za su iya jigilar akwatin aiki kullum ba, sai su kama hayar ƙusa a bangon wani shago su rataye shi, mai shago yana karɓar kuɗinsa kowane dare. Babu marubucin da zai zauna a ofis ya ƙago wannan ƙusar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A can ne kuma aka yi abin da ya haifi babbar dabararsa. Lokacin wani salo yake yi: mutum ya ba da labarin matsalarsa, 'yan wasa su kwaikwaya har inda ta cije, a tambayi 'yan kallo yaya za a yi, su faɗa daga inda suke zaune, 'yan wasa su gwada. Wata mata ta kawo tata. Mijinta ya daɗe yana karɓar kuɗinta da sunan yana gina musu gida, yana kawo mata takardu ta ajiye wai rasit ne. Ba ta iya karatu ba. Ran da suka yi faɗa ta kai wa maƙwabciya ta karanta mata, sai ga shi wasiƙun soyayya ne daga farkarsa. Gobe mijin zai dawo, me za ta yi? Shawara ta yi ta zuwa: ta yi kuka, ta kulle shi a waje, ta tafi gidansu. Duk aka gwada, ba wadda ta gamsar. Can wata ƙatuwar mata a cikin taro ta ce a yi masa magana ƙarara, sannan a yafe masa. 'Yar wasa ta gwada, matar ta ce ba haka ba. Aka sake, ta ce ba haka ba, ta miƙe za ta fita a fusace. Boal, da shi ma ya fara ƙulewa, ya ce to ki hau ki nuna mana da kanki. Ta hau. Ta cafki ɗan wasan da ya fito a mijin, ta rarumi tsintsiya mai sanda, ta lakaɗa masa duka tana zayyana masa abin da ke ranta. Da ta gama ta zaunar da shi ta ce yanzu da muka fahimci juna, tashi ka kawo mini abinci, na yafe maka.

Ba dukan ne darasin ba, kada wata ta ce ni na aike ta. Abin da Boal ya gani shi ne, komai ƙwarewar 'yar wasa, in ta ɗauki maganar wani sai ta tace ta, ta sa mata ladabin 'yan birni. "Magana ƙarara" a bakin 'yar wasa daban, a jikin wannan matar daban. Daga nan ya cire shingen: mai shawara ya hau ya yi da jikinsa. Sunan da ya ba wannan salo yana nufin dandalin muhawara. Bari mu kira shi wasan zaure, tunda a zaure muke kashe magana.

Mu jawo shi kusa a ga yadda yake aiki. A ce manoman wani ƙauye ne suka shirya ɗan gajeren wasa kan rabon taki. Ba wanda ya rubuta musu, kwana uku suka yi suna zuba labaran abin da ya same su har suka tsayar da guda. Wani dattijo ya yi sammako ya je sito. Magatakarda ya dube shi ya ce, "Baba, sunanka ba ya cikin takarda, koma wurin mai unguwa." Ya koma, mai unguwa ya ce shi tuni ya miƙa sunaye. Ya dawo, aka ce taki ya ƙare, alhali ga mota a bayan sito ana loda buhuna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan fa?" Aka ce na manya ne. Ya juya gida hannu rabbana, bayan kwana biyu ya sayar da akuyar matarsa ya sayi takin nan dai a kasuwa. Wasa ya ƙare a nan, kuma da gangan: sai an ƙare da faɗuwar wanda aka zalunta.

Sai mai jan ragamar taro ya fito. Boal ya kira shi joka, sunan katin nan na karta da ba shi da gida, ko'ina yana shiga. Ba ya ba da amsa, tambaya ce aikinsa. Ya ce za a sake daga farko, duk wanda ya ga inda Baba zai iya yin wani abu daban, ya ce a tsaya, ya zo ya karɓi hularsa. Aka sake. Wani saurayi ya ce a tsaya, ya hau ya ci kwalar magatakarda. Ɗan wasan da ya fito a magatakarda ba zai sakar masa ba, an horar da shi ya yi abin da na gaske zai yi: ya kira ɗan sanda, aka tafi da saurayi, taki kuma bai samu ba. Joka ya juyo ga jama'a, wannan ta yi? Wata ta hau ta miƙa na goro, ta samu buhu ɗaya. Joka ya ce ta samu, na bayanta fa? Na uku ya ƙi tafiya shi kaɗai, ya tsaya a bakin sito ya tara mutum goma da aka koro irinsa, suka ce sai an karanta sunayen da ƙarfi a gaban kowa. Magatakarda ya fara in-ina, sai ya ɓullo da wata: ya ja biyu daga cikinsu gefe ya ba su buhu-buhu. Nan gardama ta kaure, don kowa ya san haka ake yi, kuma kowa ya san su wa za su karɓa.

Ƙa'idojin kaɗan ne, amma in aka saki ɗaya wasan ya tashi daga aiki. Ba a canza azzalumi. Ba za ka hau ka zama magatakarda mai tsoron Allah ba, don gobe ba kai za ka zauna a kujerarsa ba. Ba a yarda da siddabaru: in wani ya hau ya ce ai gwamna ɗan ajinsu ne, bari ya buga masa waya, jama'a su yi masa ca a sauke shi. Kuma wanda ya fi cancanta ya karɓi hular shi ne wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Ɗan birnin da bai taɓa bin layin taki ba zai koma ba da shawarar da ba shi zai kwana da sakamakonta ba, an dawo gidan jiya ke nan.

Me ya kawo duk wannan wahala? Boal ya kai ƙararsa har kan Aristotle, masanin Girka na da, wanda ya ce amfanin wasan ban tausayi shi ne ya wanke zuciyar mai kallo. Duk wanda ya taɓa tashi daga kallon fim ɗin Indiya ido jajir, zuciya sakayau, ya san wannan wankin. An cuci jarumi ka yi kuka, ya rama ka yi tafi, ka je ka kwanta kamar kai ka rama. Boal ya ce wannan sauƙin da ka ji shi ne cutar: wani ya yi fushi a madadinka, ya yi tunani a madadinka, kai ka huce. So yake mutum ya tashi daga wasa da ƙaiƙayi, ya gwada abu a dandali ya ga saura ƙiris ya yiwu. Shi ya sa ya ce wasa ba shi ne juyin juya hali ba, atisayensa ne.

Akwai dabararsa guda da har yau ban gama yarda da ita ba, wato wasan ɓoye. 'Yan wasa su shirya abu su je su yi shi a kasuwa ko a jirgin ƙasa, ba wanda ya san wasa ne. Misalin da ya bayar na ɗakin cin abincin wani otal ne a Peru. Ɗan wasa ya ci gasasshen nama na sol 70, kuɗin ƙasar, da aka zo karɓar kuɗi ya ce ba shi da ko sisi, amma zai biya da ƙwadago, nawa ake biyan mai kwashe shara a nan? Wani ɗan wasan daga wani tebur ya ce sol 7 a awa. Ya ce ashe sai na yi awa goma ina kwasar shara kafin in biya naman da na ci cikin minti goma! Kafin a ankara ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki zancen albashi. Dabara ce mai kaifi, kuma an ƙago ta ne a zamanin da yin wasa a fili kan iya kai mutum kurkuku. A otal ɗin, daga ƙarshe ma an yi karo-karo an biya kuɗin naman. Amma yaron otal ɗin da aka sa a tsaka mai wuya, gabansa na faɗuwa kada a cire kuɗin a albashinsa, ba wanda ya nemi izininsa. In ana maganar mayar wa mutane dandali, ban ga dalilin hawa da su ba tare da saninsu ba.

Gudun hijira ta kai shi Fotugal, sannan Paris. Can ya tarar da mutanen da babu soja a ƙofarsu, ga abinci, amma suna kawo kukan kaɗaici da tsoro. Da farko ya raina abin, yana tambaya ina 'yan sandan suke. Daga baya ya ce 'yan sandan suna cikin kai, barikinsu ne ke waje. Aikin ya karkata wajen jinyar zuciya, wasu kuma na ganin a nan ne kaifinsa ya fara dakushewa.

Da ya koma gida sai ya yi abin da ba a zata ba. Ya tsaya takarar kansila a Rio a jam'iyyar ma'aikata, ya ci, ya zauna a majalisar birni daga 1993 zuwa 1996. Abokan wasansa ya ɗauka aiki a ofis. Suka kafa ƙungiyoyi a unguwannin marasa galihu, da na tsofaffi, da na makafi, a yi wasan zaure, a rubuta shawarwarin da aka gwada, lauyoyi su mai da su ƙudurin doka. Dokoki 13 suka fito ta wannan hanya. Ɗaya ta wajabta wa asibitocin birni su tanadi masu kula da cututtukan tsufa. Wata kuwa daga makafi ta zo. Rumfunan wayar tarho na titunan Rio a lokacin a sama suke da faɗi, a ƙasa ƙarfe ɗaya ne tal, sandar makaho ba ta taɓa komai sai dai ya ji goshinsa ya bugu. Dokar ta ce a yi ɗan dakali a ƙarƙashin kowace rumfa. Wannan ma ƙusa ce a bango. Bai ci zaɓe na biyu ba.

Bahaushe zai ce ai mu ma muna da namu, kuma yana da 'yar gaskiya. Tashe da azumi ba ya barin malamin da ke rawa a ɓoye, ko tsohon banza, ko gwauro. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a kan idonsu, kowa ya ga tafiyarsa da maganarsa a jikin wata. A kalankuwa samari kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu. Mun daɗe da sanin cewa abin da baki ba zai iya faɗa ba wasa na iya faɗa, har muka ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Amma a dubi karin maganar da kyau, shawarar haƙuri ce. Ka mai da shi wasa don ya wuce, a yi dariya, sarki ma ya yi dariya ya ba da tukwici, gobe kowa ya koma matsayinsa. Wasannin nan suna da lokacinsu da izininsu. Shi Boal ya mai da faɗan wasa ne don a koyi yadda za a koma a yi shi.

Inda irin wannan tunani ya sauka a ƙasar Hausa shi ne Zariya. A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar kai wasa ƙauyuka daga Zambiya. Ɗakin wasan da aka gina musu a Samaru ma na ƙasa ne, da zaurukansa kamar gidan Bahaushe. A 1977 ɗalibai suka fita Soba da abin da aka kira Wasan Manoma, lokacin gwamnatin Obasanjo na ta kururuwar shirin ciyar da ƙasa. Suka zauna da manoma suka ji kukansu, suka koma jami'a suka shirya wasa, suka dawo suka nuna. Aka bi da Maska da Bomo. Abin da ya burge ni da mutanen Zariya, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, shi ne ba su jira wani ya soki aikin ba, su suka fara. Sun lura cewa in ɗalibi ya zo ya kwashi labari ya tafi ya dafa ya dawo da shi, manomi har yanzu ɗan kallo ne, kuma da zangon karatu ya ƙare motar jami'a ba ta cika dawowa ba. Daga nan aka riƙa matsawa daga yi wa mutane wasa, zuwa yi tare da su, zuwa su yi da kansu.

Abin da ya biyo baya kuwa kowa ya gani. Ƙungiyoyin agaji suka gano cewa wasa ya fi lacca jan jama'a, suka rungume shi. Na taɓa tsayawa a wata kasuwar ƙauye ina kallon irinsa: mota da lasifika, matasa cikin riguna masu tambarin mai ba da kuɗi, wasa kan maigidan da ya hana matarsa zuwa awo. An ma ce a tsaya, an kira 'yan kallo su hau. Wata dattijuwa ta hau, maimakon ta lallashi maigidan kamar yadda ake jira, sai ta juyo ta ce, "Ɗana, mu fa ba hana mu ake ba. In mun je ba kowa a asibitin, kuɗin mashin kuma ya tafi a banza." Mai jan taron ya yi murmushi ya ce, "Mun gode Mama, a tafa mata," ya kira na gaba. Amsar da ke takardarsa ita ce maigida ya gane kurensa, kuma a kanta aka tashi. Aka ɗauki hoto, aka raba lemo.

Ba na cewa awo ba shi da amfani, ko matasan nan mugaye ne. Amma in mai kuɗi ne ya zaɓi matsala daga Abuja ko Landan, ya zaɓi amsa, kuma azzalumin da aka yarda a nuna kullum talaka ne ɗan'uwan talaka, jahilin miji ko kakar da ta ƙi allura, ba a taɓa hawa da wanda ya cinye kuɗin asibitin ba, to an ɗauki kwanon Boal ne an zuba wa'azin da ya gudu ya bari. Mu kuma muka sa masa suna wayar da kai, kalmar da tun kafin a fara ta riga ta yanke hukuncin wa ke cikin duhu. Ba dole ne abin ya zama haka ba. A Yammacin Bengal na Indiya akwai ƙungiyar Jana Sanskriti da aka kafa a 1985. Yawancin 'yan wasanta ma'aikatan gona ne mazauna ƙauyukan da suke wasa, kuma sukan mai da wasa ɗaya ƙauye ɗaya sau da yawa, kan dukan mata ko kuɗin auren da ake ɗora wa iyayen amarya, don gardamar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Mai son ya bambance na gaske da jabu, ya dubi yadda hukuma ke karɓarsa. Misalin da ya fi fitowa fili daga Kenya yake, kuma ba almajiran Boal ne suka yi shi ba. Ngugi wa Thiong'o ya riga ya yi suna da littattafan Turanci masu caccakar manyan ƙasar. A Yulin 1977 ministan kuɗi Mwai Kibaki ne ma ya ƙaddamar masa da sabon littafi, ba wanda ya taɓa shi. A daidai lokacin yana aiki da mutanen Kamiriithu, wani ƙauye kusa da Limuru, manoma da leburorin gonaki da ma'aikatan masana'antar takalma. Shi da Ngugi wa Mirii suka rubuta wasa da harshen Kikuyu, Ngaahika Ndeenda, wato zan yi aure ran da na ga dama. Labarin wani lebura ne mai 'yar gona eka ɗaya da rabi, takardar mallakarta na rataye a bangon ɗakinsa, har masu kuɗi suka yi masa daɗin baki ya jinginar da ita, ta salwanta.

Rubutun da suka kawo bai tsira yadda yake ba. Watanni aka yi ana gwaji a fili, duk mai wucewa na iya tsayawa ya sa baki. Tsofaffi suka gyara wa malamin jami'a Kikuyunsa, suka ce ba haka dattijo ke magana ba. Ma'aikata suka gyara yadda aka nuna aikin masana'anta. Waɗanda suka yi yaƙin Mau Mau, na neman 'yanci daga Turawan mulkin mallaka, suka nuna yadda aka yi a daji. Mutanen ƙauyen da hannunsu suka gina dandali mai ɗaukar mutum fiye da 2,000. Aka buɗe ran 2 ga Oktoba 1977, jama'a suka riƙa zuwa da motocin haya daga nesa. Ran 16 ga Nuwamba hukuma ta janye izini. Ran 31 ga Disamba aka kama Ngugi wa Thiong'o, aka kai shi kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba, da sa hannun Daniel arap Moi, mataimakin shugaban ƙasa a lokacin. Shekara guda ya yi, a can ya rubuta littafin labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida.

Maganar da ke cikin wasan ba ta fi ta littattafansa zafi ba. Bambancin shi ne wa ke faɗa, da wane harshe, a gaban wa. Mutanen Kamiriithu ba su daddara ba, suka sake haɗuwa a kan wani wasan. Aka hana su babban ɗakin wasa na ƙasa a Nairobi, suka koma yi a jami'a ƙofa a buɗe da sunan gwaji, dubban mutane na tururuwar shiga. A Maris 1982 aka soke rajistar cibiyarsu, aka haramta wasan kwaikwayo a ƙauyen, ran 12 ga wata motoci uku na 'yan sanda ɗauke da makamai suka zo suka rushe dandalin. Ngugi ya shiga gudun hijira a shekarar, Ngugi wa Mirii ya tsere Zimbabuwe. Su manoman da leburorin da suka hau dandalin ba su da inda za su. A Kamiriithu suka ci gaba da zama, suna wucewa ta gaban filin, inda daga baya aka gina makarantar koyon sana'a.